Reshen Magarya a Jirgin Shaƙatawa

Lahadi, 8 ga Fabrairu

Yaya Mzikayise, wan mijina, ya kira bayan an tashi daga coci. An sa rana. Ƙarshen Maris za a yanka bijimi a Eshowe, a shigar da marigayi mijina, Baban Phumla, cikin kakanninsa, ni kuma in cire shuɗin kayan takabar nan da na kusa shekara a ciki. Sai dai fa, in ji Yaya, ba a shigar da wanda ba a ɗauko ba. Gawa muka binne. Kurwarsa tana can inda ya faɗi, a bakin rairayin tsibirin nan na Mozambik, inda abokan aikinsa na tashar jiragen ruwa suka kai shi yawon murnar ritaya, zuciyarsa ta tsaya yana riƙe da kifi gasasshe.

Wa zai je? Yaya ƙafa ɗaya gare shi tun da ciwon suga ya cinye ɗayar. Ɗa namiji Allah bai ba mu ba. Na ce ni zan je. Ya ce ba a saba mace ta yi ba, balle mai takaba, amma zai roƙi magabata su kawar da kai.

Shekara guda mutumin nan yana zaune shi kaɗai a ƙasar da bai jin yarensu.

Talata, 10 ga Fabrairu

Na samu gurbi. Wasu matan adashi na nan Umlazi sun kama ɗakuna a jirgin shaƙatawar da ke zuwa tsibirin, ɗaya ta janye, wai tsoron guguwa. Shi ya sa ma watan nan ya fi araha. Tsoronta ya yi mini rana.

Yarinyar ofishin tikiti ta yi ta zuba bayani. Wai jirgi ba ya shiga guguwa, kewaye ta yake yi, kada in damu da raina, abin da kawai mutum kan iya rasawa shi ne sauka a wani wurin idan kyaftin ya sauya hanya. Na ce to, to. Ƙafafuna ciwo suke, so nake ta ba ni takardata in tafi.

Alhamis, 12 ga Fabrairu

'Yata Phumla ta zo daga aiki ko takalmi ba ta cire ba ta dasa mini waya a fuska. Hoton guguwa ne, wani farin abu yana juyawa kusa da Madagaska, har suna aka raɗa masa, sunan mace.

"Mama, watan guguwa ne fa! Duk watannin Allah sai wannan?"

Na ce babanki ma a watan nan ya je. Ta ce to ya dawo? Bakin yarinyar nan, ni ta ɗauko, ba zan ce komai ba. Daga baya ta yi kuka a kicin, tana tsammanin ruwan famfo ya rufe. "In rasa uba a can, in sake rasa uwa a can?" Abin da na jiyo ke nan. Ban je ba. Tun rasuwar nan ni da ita sai "kin ci abinci" da "kin kulle ƙofa".

Asabar, 14 ga Fabrairu

Reshen da zan ɗauko kurwarsa da shi ya iso, direban motar Eshowe ya kawo a naɗe cikin jarida. Magaryar kura ce, daga bishiyar bayan garke. Ta soke ni a yatsa tun kafin in gama buɗewa.

Yaya ya sake karanto mini dokokin kamar ni ba a gidan Zulu aka haife ni ba. In je daidai inda ya faɗi, in ja reshen a ƙasa, in kira shi da kirarin gidansu, in ce masa na zo ɗaukarsa. Daga nan bakina ya mutu ga kowa sai shi, har in shiga gida a Eshowe. A mota in biya masa kujera. Duk kogin da za mu haye in gaya masa, don matattu ba sa haye ruwa sai an sanar da su. "MaHlongwa, ko gaisuwa kika amsa, ya zame ke nan. A nan zai tsaya."

Na ce Yaya, shiru ai shi na fi iyawa yanzu.

Litinin, 16 ga Fabrairu

Muna cikin jirgi. Kai! Wannan ba jirgi ba ne, unguwa ce aka ɗora a kan ruwa. Kiɗa tun daga tashar Durban, 'yan mata da ɗan abin da bai kai hankici ba, ni kuwa a tsakiyarsu da shuɗi har idon sawu. Mutane na matsa mini hanya. Ba girmamawa ba ce, gudun inuwar mai takaba suke, na sani.

Mai binciken kaya, wani dattijo, ya buɗe jaridar ya ga reshen. Ya dube ni, ya naɗe a hankali, ya miƙo mini da hannu biyu.

Abokiyar ɗakina Gabisile ce, mai sayar da soyayyen fanke a tashar mota ta Isipingo. Ƙatuwa, farce ja, murya kamar tana kiran fasinja. Ta shigo ta ga reshen a kan gado ta ce, "Ikon Allah! An ce da bazawara za a haɗa ni, ashe mu uku ne a ɗakin." Na ce tukuna, sai jibi. Ta ce to in ya zo a gaya masa tana minshari, kuma ba za ta daina don shi ba.

An tara mu an koya mana sa rigar ceto. Tawa ta ƙi ɗauruwa, Gabi ta ja igiyar har na kusa shiɗewa.

Talata, 17 ga Fabrairu

Ruwa ta ko'ina. Na zauna a kujerar da ke bayan kwale-kwalen ceto, inda babu mai zuwa. Daga nan ana jiyo ihun masu wasa a tafkin wanka amma ba a ganinsu. Na yi ta tunanin a wace kujera ya zauna bara, me ya ci. Ya ce zai kawo mini atamfar Mozambik.

Da rana matan adashin suka ɗauki hoto, duk da riga iri ɗaya. Na matsa gefe kafin a ce in matsa.

Gabi ta kawo mini faranti har ɗaki, shinkafa da miyar kaza. "Ci, 'yar uwa, an riga an biya. Ni mijina ba mutuwa ya yi ba, birnin Jo'burg ya tafi neman aiki, sai dai in ɗauki icen girki in je ɗauko shi." Na so in yi dariya. Ban yi ba.

Wajen la'asar kyaftin ya yi magana a lasifika. Guguwar ta karkato. Suna kallonta, in ji shi. Ni ma ina kallon reshena.

Laraba, 18 ga Fabrairu

Ba za mu sauka ba.

Da safe aka faɗa. Igiyar ruwa ta yi ƙarfi, ƙananan kwale-kwalen da ke kai mutane gaɓa ba za su iya ba, kuma jirgi zai juya kudu tun kafin guguwar ta rufe hanya. Don lafiyarmu. Sai a lokacin maganar yarinyar ofis ta dawo mini kunne, duk da na ce mata to.

Na je teburin ƙorafi. Layi cike da masu masifa, wannan ya sayi sabuwar rigar iyo, wancan ya yi wa budurwa alkawarin rairayi. Da aka zo kaina, yarinyar, wata baƙuwa mai ƙaramar murya, ta ce in yi haƙuri, ta miƙo mini wata takardar shan lemo kyauta. Na tsaya riƙe da ita. Ta yaya zan ce mata mijina na zo ɗauka, ya shekara yana jira, ga shi can?

Gabi ce ta ture ni gefe. Ban san ma ta biyo ni ba. Ta buga teburin nan da hannu. "Lemo? Ke yarinya, mijinta ne a can, lemo zai taho da shi? Kira mini babba, mai igiya a kafaɗa!" Kowa ya juyo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, sai dai babu ƙasa.

Babban ya zo, ɗan wajen Richards Bay ne, ɗan Zulu kamarmu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya ce, "Mama, ko ni ba zan sa ki a kwale-kwale yau ba, za ku zama ku biyu ne ake zuwa ɗauka." Amma ya ce kafin jirgi ya juya za a hango tsibirin ta hannun hagu, zai buɗe mini wata ƙofa a bene na ƙasa, in tsaya in riƙe ƙarfe sosai.

Na gan shi. Wani ɗan tsiri ne kore, da farin rairayi a gindinsa, ruwan sama yana rufe shi yana buɗewa. Nisa kamar daga Umlazi ka hango tudun Bluff. Ba ƙasar da zan ja reshe. Na miƙa shi ta saman ƙarfen, iska na neman fizge shi, na kira shi da kirarinsu duka, har wanda nake mantawa. Na ce Zwelakhe, ni ce, matarka. Na zo, sun hana ni sauka. Taho. Ruwa ne tsakaninmu, ina gaya maka, haye.

Mutumin da ko a kogin garinsu bai iya iyo ba.

Na jira har jirgi ya juya, tsibirin ya koma baya. Ban ji komai ba. Ban san me ya kamata a ji ba, Yaya bai faɗa ba. Na rungume reshen na juyo. Gabi tana bakin ƙofa jiƙe sharkaf, ta buɗe baki, na girgiza kai. Ta rufe bakin da hannu, ta shiga gaba tana kore mini mutane.

Daga yanzu sai shi da littafin nan.

Alhamis, 19 ga Fabrairu, da safe

Jirgi na tangaɗi. An ce gefen guguwar ne kawai ya shafe mu, to Allah ya raba mu da tsakiyarta. An rufe saman jirgi, an zuba ledojin amai a ko'ina, an ce masu shekaru su zauna a ɗaki.

Na kwantar da reshen a kan matashina, ni na zauna a gefe. Ina ta gaya masa muna kan ruwa, har yanzu ruwa ne, kada ya ji tsoro. Ban san sau nawa ake faɗa ba idan kogin bai da gaɓa.

Gabi ta zama bakina. Mai gyaran ɗaki ya gaishe ni, ta ce, "Ba ta magana, tana da baƙo." Da ya fita ta duƙa wajen matashin: "Baban Phumla, sannu da hanya. Matarka ta fi ƙarfin kyaftin, ka yi sa'a." Ba a hana ta ita ba. Tana ta ba shi labarin tashar Isipingo, wane direba ya saki wace. Shi da yake son tsegumi.

Rabon da a yi hira da mu biyu a ɗaki ɗaya har na manta.

Alhamis, da yamma

Rubutun nan ko ni da kyar zan karanta.

Bayan abincin rana Gabi ta shiga banɗaki. Jirgi ya yi wani irin tsalle, kofuna suka zube, na ji ƙum. Na jira ta yi zagi. Gabi ba ta faɗuwa ba zagi. Shiru.

Na tura ƙofa. Tana kwance tsakanin masai da bango, goshi a fashe, jini na bin tayil, ƙafa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ido a rufe. Na girgiza ta, ba ta motsa ba.

Na fita baranda. Ba kowa, kowa na ɗakinsa. Na bubbuga ƙofar maƙwabta da hannu biyu, kiɗa suke ji ko amai suke, oho. Na buga ta gaba. Na dawo na ɗauki wayar ɗaki na danna jan maɓalli, ina cewa a raina za su ga lambar ɗakin su zo. Wata murya ta ce, "Me ya faru? Ana jina?" Na buga wayar a tebur don su ji. Ta ce, "Idan ba a yi magana ba zan ajiye."

Na dubi matashin. Allah ya sani na dube shi.

Na ce mace ta faɗi, jini, ba ta motsi, ku zo. Na faɗi lambar ɗakin har sau nawa ban sani ba. Muryata ta fito kamar ta wata.

Suka zo da gado mai taya. Likita ta yi ta tambayata, tana da ciwon suga, me ta ci, tun yaushe. Duk na amsa. Me ya rage? Ƙashin ƙugu ne ya karye, an ɗinke goshin. Likitar ta ce da an bar ta kwance jinin nan yana zuba, da labari ya bambanta.

Da ta farfaɗo a ɗakin jinya ta gan ni zaune. Na ce sannu Gabi. Ta ƙura mini ido, sannan ta gane. "Ke MaHlongwa. Kin yi magana?" Na ce na yi. Ta juya fuska bango ta fara kuka, ƙatuwar matar nan. "Saboda ni? Ni da ko mijina bai waiwayo ba?" Na ce yi shiru kada ɗinkin ya ɓalle.

Na tambayi babban nan ina muke lokacin. Ya ce can nesa da gaɓa, daura da iyakar Mozambik, ba gari kusa. A tsibirin aƙalla akwai inuwa, akwai masu gasa kifi. Idan ya taho, a nan na ajiye shi.

Yanzu ni kaɗai ce a ɗakin. Gadon Gabi a hargitse, takalminta ɗaya a ƙarƙashin tebur. Reshen yana nan inda na bar shi. Ban iya taɓa shi ba.

Juma'a, 20 ga Fabrairu

Durban. Rana ta fito tas kamar ba a yi komai ba. A tashar motar Eshowe nake rubutu, muna jira ta cika.

Motar asibiti ta fara ɗaukar Gabi. Ta riƙe hannuna ta ce in ban zo duba ta ba za ta aiko mini da 'yan tasha. Ta ce in kawo lemo, na takardar nan.

Phumla tana bakin ƙofar fita. Yaya ya riga ya ja mata kunne, kada ta gaishe ni, ta karɓi jaka kawai ta bi ni a baya. Ta tsaya ta haɗe leɓe, ido ya yi ja, da gani kwanakin nan a kan waya ta yi su tana bin farin abin nan. Ta miƙo hannu za ta karɓi jakar.

Na ce Phumla, kin rame.

Ta saki jakar. Ta dubi reshen, ta dube ni. Ban san wanne take wa kuka ba, uban ko ni, ta dai faɗo jikina a gaban 'yan tasi. Na gaya mata duka a tsaye a wurin. Ta ce, "To yanzu Baba yana ina?" Na ce ban sani ba. Wannan ita ce gaskiyar.

Duk da haka na biya masa kujera, ta gefen taga. Kwandasta ya ga jaridar, ya hana wani saurayi zama. Wataƙila ya riƙe reshen, wataƙila bai ji na yi maganar ba, iska ta yi yawa ranar. Zan gaya masa kogunan.

Asabar, 21 ga Fabrairu

Eshowe. Yaya yana zaune a ƙofar garke da sandunansa lokacin da muka iso jiya. Na durƙusa na ce mun same ku lafiya, Yaya, tun ban shiga gida ba. Ya gane. Ya sa na faɗi komai, bai katse ni ba. Ya daɗe yana juya reshen a hannu. Ya ce zai tara dattawa, mai yiwuwa a ɗaga yankan, kuma kada in yi saurin ɗinka sababbin kaya. Ya tambaya matar ta rayu? Na ce ta rayu. Ya ce to. Ya ba da reshen aka soke a saman ƙofar ɗakin kakanni, ban sani ba ko don yana ciki ne ko don ba a yar da irinsa.

Shuɗin dai yana jikina. Ban ji nauyinsa yau kamar kullum ba, wataƙila don an yi ruwa gari ya yi sanyi.

Abu ɗaya ban gaya wa Yaya ba. A mota na faɗa wa Baban Phumla kogin uMngeni, na faɗa masa uMdloti da uMvoti, a hankali, bakina kusa da jaridar. Sai Phumla ta ce wai da gaske Gabi ta buga wa mutane tebur? Na fara kwatanta mata, har da muryar. Ta yi dariya har matar gabanmu ta juyo, ita ma ta ce a maimaita mata. Daga nan Phumla ta shiga ba ni labarin wani da ke nemanta a wurin aikinsu, wai tun kafin Kirsimeti take son gaya mini. Malamin lissafi ne. Na yi ta tambaya.

Sai da na ga kwanar Gingindlovu na farga. Mun haye uThukela, babban kogin gaba ɗaya, da wannan doguwar gadar, ban ce masa komai ba.

Ban ce direba ya tsaya ba. Na dafa jaridar na ce Baban Phumla, in kana nan, ai ka san hanya daga nan. Sannan na juya na tambaye ta malamin ɗan gidan wa ne.